Darasi na Goma Sha Biyu: Su da Sanin Kifi a Madatsar Ruwa ta Dadin Kowa

Idan kuka bar garin Gombe kuka nufi gabas ta hanyar Biu, bayan kimanin kilomita 37 za ku isa Dadin Kowa, a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba. A nan ne Gwamnatin Tarayya ta datse Kogin Gongola, aka kammala aikin a shekarar 1984. Daga wannan madatsa ake tura ruwan sha zuwa Gombe, ana noman rani da ruwanta, ana kuma samun wutar lantarki. Amma a wannan darasi, sana'ar su za mu duba.

Su shi ne kamun kifi. Mai yin sa shi ne masunci, jam'i masunta, shugabansu kuwa shi ne Sarkin Ruwa.

Kayan su

Masunci yakan shiga kwale-kwale da sassafe ko da yamma. Yana iya jefa birgi, wato ragar da take buɗewa a sama kafin ta faɗa ruwa. Yana iya kafa taru ya bar shi ya kwana. Akwai mamari, doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa. Akwai koma, wadda ake riƙewa a hannu a ruwa marar zurfi. Yara kuwa da fatsa suke farawa: sanda da zare da ƙugiya ɗaya.

Yadda za ku gane kifi

Kafin ku taɓa kifi, ku dubi abu uku: fatarsa, da bakinsa, da bayansa. Tambayar farko ita ce: yana da ɓawo ko ba shi da shi?

Marasa ɓawo fatarsu santsi gare ta, kuma suna da gashin baki:

1. Tarwaɗa: doguwa ce, baƙa-baƙa, mai faffaɗan kai. Tana iya shaƙar iska, don haka takan daɗe a wajen ruwa ba ta mutu ba.
2. Ƙurungu: gajere ne mai taurin kai. Yana da ƙaya mai tsini a baya da gefe biyu. Idan ta soki mutum, zafinta yana daɗewa.
3. Minjirya: jikinta kauri gare shi da laushi, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Tana da wutar lantarki a jiki. Wanda ya kama ta da hannu zai ji ta girgiza shi.

Masu ɓawo kuwa su ne:

4. Karfasa: faffaɗa ce, tana da jerin ƙayoyi a gadon baya. A wasu wurare ana ce mata gargaza.
5. Tsage: fari ne mai ƙyalli, da jan wutsiya da haƙora masu kaifi waɗanda ake gani ko bakinsa yana rufe. Ƙananan kifaye yake ci.
6. Giwan ruwa: shi ne babba a cikinsu, mai ƙaton baki. A manyan tafkunan Afirka, kamar Tafkin Biktoriya, nauyinsa yakan wuce kilo 100.

Amfanin wannan sani

Amfani na farko shi ne kare kai. Wanda ya san ƙurungu ba ya damƙar sa ta baya, wanda ya san tsage ba ya kai yatsa kusa da bakinsa. Hausawa suna cewa rashin sani ya fi dare duhu.

Na biyu shi ne ciniki. Idan aka aike ku kasuwa a Gombe ku sayo kifi, ɗanye ko banda, sunan kowane kifi da kamanninsa za su hana a ba ku wani a maimakon wani.

Na uku ya fi su duka muhimmanci, wato kare kifin kansa. Akwai bambanci tsakanin kifin da halittarsa ƙarama ce da ɗan kifin da bai gama girma ba. Ɗan giwan ruwa mai tsawon tafin hannu jariri ne. Idan aka kama shi yau, an yi asarar babban kifi na gobe. Haka kuma macen karfasa takan riƙe ƙwayayenta a baki har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama ta a wannan lokaci ya hallaka ɗaruruwan 'ya'ya tare da ita.

Saboda haka ake hana amfani da raga mai ƙananan idanu, wadda ba ta barin ƙanana su kuɓuta. Ana kuma hana zuba guba a ruwa. Guba tana kashe babba da ƙarami, tana cutar da mai cin kifin, ga shi kuma ruwan nan ne mutanen Gombe suke sha. Masunci na ƙwarai yakan mayar da ƙaramin kifi ruwa, domin ya san idan kifi ya ƙare, sana'arsa ta ƙare.

Sababbin kalmomi

- *madatsa:* wurin da aka tare ruwan kogi
- *ɓawo:* abin da ya rufe fatar wasu kifaye
- *banda:* kifin da aka busar da hayaƙi
- *kuɓuta:* tsira

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kammala madatsar Dadin Kowa, kuma wane kogi aka datse?
2. Kawo kayan su guda huɗu.
3. Yaya za a bambanta tarwaɗa da karfasa?
4. Me ya sa ake hana raga mai ƙananan idanu?

Aiki

Ku ziyarci mai sayar da kifi a kasuwa mafi kusa. Ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi sunayen kifaye uku da Hausa. Ku zana su, ku rubuta sunayensu da Hausa da kuma harshenku.