Baƙo Ya Koyi Noman Gari: Nasiha Ga Mutanenmu Na Fatakwal

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Oil Mill ranar Laraba ya san yadda kaya ke sauka. Ga albasar Aliero buhu-buhu, ga tumatirin Kadawa kwando-kwando, duk sun kwana a mota kafin su iso. Mu ke kawowa, mu ke sayarwa. Amma abin mamaki, mutumin da ya wuni yana kasa wa jama'a kayan miya, da magariba sai ya sa hannu a aljihu ya sayi ganyen da za a yi masa miya, alhali ga fili nan a bayan ɗakinsa ciyawa ta cinye.

In ka tambaye shi sai ya ce, "Ai na gwada, ƙasar nan ba ta karɓar shuka." Ƙasa kam tana karɓa, shi ne dai ya zo mata da noman garinsu.

Inda kuskuren yake

A Kano ruwan shekara galibi ba ya kai milimita 1,000, a Fatakwal kuwa yana haura 2,000. Saboda haka ɗan lambun Arewa yakan yi fangali mai zurfi don ya tare ruwa. In ya yi haka a nan, saiwa za ta kwana cikin ruwa ta ruɓe. Mutanen nan tudu suke tayarwa, su bar wa ruwa hanya ya wuce. Ga shi kuma yawan ruwan yana wanke taki, ya bar ƙasa da tsami, laima kuma tana jawo wa tumatir ciwon da ke sa shi ya yanƙwane farat ɗaya. Irin wannan ilmi da ido ake ɗaukarsa, shi ya sa aka yi gonar gwaji.

Ina za a je?

Jami'ar Fatakwal da ke Choba da Jami'ar Jihar Ribas da ke Nkpolu duk suna da gonar koyarwa. A Onne akwai reshen cibiyar IITA, inda aka daɗe ana binciken ayaba da agade. 'Yan'uwanmu na Inugu suna da gonar Jami'ar Nsukka. Haka kuma ofishin ADP na kowace jiha yana da malaman gona, kuma aikinsu ke nan su nuna wa manomi hanya. Kada a faɗa wa mutane ba sallama. A haɗu mutum biyar ko goma, a sa Sarkin Hausawa ko shugaban 'yan gwari ya nemi izini, a tsayar da rana. Wanda bai sami zuwa can ba, ya tsaya wurin masu rainon fulawa na bakin titi, ko ya leƙa lambun maƙwabciyarsa mai ugu. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da za ka duba

Na ɗaya, dubi tsayin tudun da inda ruwa ke bi. Tsuguna ka damƙi ƙasar, ka ji ko tana marmashewa ko tana danƙarewa.

Na biyu, dubi abin da ya yi kyau, ka fara da shi. Alayyafo mako huɗu ya isa yanka. Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin wata biyu. Shuwaka da zogale reshe kawai ake kafawa. Ugu kuwa yana son rumfar da zai hau, lura da yadda suka ɗaura ta.

Na uku, in gidan haya kake, tsakar gida duk siminti, tambayi yadda ake shuka a buhu: a huda gindinsa, a cakuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a ɗora shi kan bulo.

Na huɗu, kada ka rena fulawa. Ana yi wa garin nan laƙabi da Birnin Lambu, bai kamata a ce unguwarmu ce kaɗai ba ta da fure ba. Jeren lalle ko ixora a bakin ƙofa ya fi tarin bola kyan gani. Sai dai kada a bar ruwa ya kwanta a tukunya, gidan sauro ke nan.

Bayan ka dawo

Taki ba sai ka saya ba. Ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon albasa da ganyen kabeji da muke zubarwa in kasuwa ta tashi, a tara su a rami da kashin kaji, a riƙa juyawa har su yi baƙi su daina wari. 'Yar tokar murhu tana rage tsamin ƙasa. Kada ka ɗebi ƙasa kusa da garejin makanikai, don baƙin mai guba ne. Kuma tun da baƙar ƙurar hayaƙi ta fara sauka a garin nan a 2016, wajibi ne a wanke ganye sosai kafin ya shiga tukunya.

Fara da buhu uku, kada ka yi haɗama. Ka ba yara aikin cire ciyawa, don ɗan da aka haifa a Fatakwal shi ma ya san kuɓewa ba a kan tebur take tsirowa ba. In naka ya yi kyau, buɗe wa maƙwabci ƙofa ya shigo ya gani, ka ba shi iri. Ran nan bayan ɗakinka ya zama gonar gwajin unguwa.

Allah ya sa wa hannu albarka, amin.