Wuta, Hayaƙi da Itace: Abin da Ya Kamata Kowa Ya Sani

Jama'a, ku sani cewa iska ta lulluɓe duniyar nan kamar bargo. Hasken rana yakan ratso ta ya gasa ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da zafin sama. A cikin iskar akwai wani nau'i da masana ke kira kabon dayoksaid, wanda ke tare wani kaso na zafin nan. Ba don irinsa ba, da duniya ta daskare. Amma in ya yi yawa, sai zafi ya taru ya rasa mafita.

Daga ina yake fitowa?

Daga abin da muke ƙonawa: kwal, fetur, dizal, gas da itace. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kashi miliyan ɗaya na iska kashi 280 ne nasa. Yau ya haura 420. Tun a 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa ƙaruwarsa za ta ɗumama duniya, ga shi kuwa zafin ya ƙaru da fiye da digiri 1. Shi ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Paris a 2015, cewa za su yi ƙoƙari kada ƙarin ya wuce digiri 1.5.

Ina ruwanmu?

Hayaƙin da Afirka ke fitarwa daga mai da kwal bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma wahalar ba ta tsallake mu ba. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, ta busar da gona da wuri, in ta tashi saki kuma ta zubo kamar da bakin ƙwarya. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutum fiye da 600 a Najeriya.

Mene ne namu a ciki?

Itace yana shan iskar kabon dayoksaid ya adana ta a jikinsa. Ranar da aka ƙona shi sai ta koma sama. Manoman Maraɗi da Damagaram, bayan farin 1984, sun daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, suka riƙa renon tohonsa. Da haka gonaki kimanin hekta miliyan 5 suka sake yin itatuwa a Nijar.

Saboda haka:

1. Manomi ya bar gawo a gonarsa. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa taki.

2. Uwargida ta yi amfani da murhu mai tsimin itace.

3. A daina cinna wa daji wuta don farautar gafiya.

4. Mai hali ya sa farantin sola ya hutar da janareta.

5. Masu unguwanni da dagatai su tsaya a kan hana sara babu dashe.

Kowa ya karanta wannan takarda, ya bayyana wa wanda bai iya karatu ba.