Daidaita Alluna Uku a Na'urar Kwaikwayon Tuƙin Jirgin Sama

Na'urar kwaikwayon tuƙin jirgin sama manhaja ce da ke nuna wa mai koyo ɗakin matuƙi da sararin da ke wajensa a allon kwamfuta, kuma waɗanda suka fi yaɗuwa a gidaje su ne Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982, da X-Plane ta kamfanin Laminar Research, da Prepar3D ta Lockheed Martin. Masu haɗa wa ɗalibai irin waɗannan na'urori sun saba ganin mutum ya kashe kuɗi mai yawa ya jera alluna uku, amma hoton da ke gabansa yana koya masa abin da ba haka yake ba, domin bai auna komai ba kafin ya kunna. Allo a wannan aiki taga ce, saboda haka abin da ya kamata ya nuna shi ne daidai abin da ido zai hango ta tagar da ke da wannan faɗi a wannan nisa.

Ma'aunin da komai ya rataya a kansa shi ne faɗin gani, wato kusurwar da allo ya mamaye idan an auna ta daga idon mai zaune, kuma abu biyu ne ke tantance ta: faɗin allon da nisansa daga ido. Allo mai inci 27 faɗinsa kusan santimita 60 ne. Idan ido yana nisan santimita 70 daga gare shi, kusurwar ta kai kimanin digiri 46, wannan adadi kuwa shi ne ya dace a shigar wa manhaja. Wanda ya ɗaga shi zuwa 80 don ya riƙa ganin agogunan jirgi duka a lokaci guda ya mayar da titin sauka ƙarami kuma nesa fiye da yadda yake, ƙasa kuma tana wucewa da gudun da ya zarce na gaskiya, har idonsa ya saba da ƙiyasin da zai sha wahalar warwarewa ranar da ya zauna a Cessna 172 ta haƙiƙa. Wannan ita ce illar da ta fi damun masu koyarwa, domin gyaran mummunan sabo ya fi koyar da sabon ɗalibi cin lokaci.

Hanya biyu ake bi wajen raba hoto. Ta farko ita ce a sa katin hoto ya ɗauki allunan uku tamkar allo ɗaya mai faɗi, ta hanyar Nvidia Surround ko AMD Eyefinity. Tana da sauƙi, sai dai manhaja tana zana hoton ne kamar allunan a miƙe suke a layi ɗaya, don haka gine-gine da fikafikai suna miƙewa a gefe, kuma miƙewar tana ƙara muni yayin da kusurwa ke ƙaruwa. Ta biyu, wadda ta fi dacewa da koyo, ita ce a ba kowane allo kyamararsa, duk daga gurbin ido ɗaya, sannan a juya ta hagu da ta dama gwargwadon faɗin gani na allo guda, a ƙara digiri ɗaya ko biyu saboda kaurin bakin allunan, don kada layin titi ya karye a mahaɗa. X-Plane ta daɗe da ba da wannan dama, Microsoft Flight Simulator kuwa ta same ta a sabuntawar Satumba 2022. Wajibi ne kuma a karkato allunan gefe a kan tebur da wannan kusurwa ɗin, ta yadda kowanne zai fuskanci ido kai tsaye daga nisa iri ɗaya, tsakiyarsu kuma ta yi daidai da tsayin ido. In ba haka ba layin da sama ta haɗu da ƙasa zai lanƙwashe a mahaɗa, alhali da shi matuƙi ke gane ko jirgi ya karkata.

Akwai iyakar da masu saye ba su cika lura da ita ba. Alluna uku masu digiri 46 sun ba da kusan 140, wato 70 a kowane gefe, amma matuƙin da ke zagayen sauka yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da titi, yana duba shi a digiri 90 ta hagu, kuma yana fara juyowa ne idan bakin titin ya koma bayansa da kimanin digiri 45. Samun digiri 180 na buƙatar kowane allo ya mamaye 60, wanda ke nufin talabijin mai inci 43 a nisan kusan santimita 82, ko kuma a haɗa da na'urar bin motsin kai irin su TrackIR. Na'urorin da kamfanonin jiragen sama ke horar da matuƙa da su suna amfani da lanƙwasasshen madubi da ke sa hoto ya bayyana kamar daga nesa mai nisa yake, ta yadda matuƙa biyu za su ga titi a gurbi ɗaya, abin da allon gida ba zai iya ba, tunda an daidaita shi ne da idon mutum guda.

Batun agogunan jirgi ya fi sauƙin warwarewa: a ware musu ƙaramin allo na huɗu a ƙasa, da manhaja irin su Air Manager, a bar manyan ukun ga abin da ke waje. Nauyin aiki a kan kwamfuta ne abin lura a nan, domin alluna uku masu ɗigo 1920 sau 1080 sun haura ɗigo miliyan 6, kuma kowace kyamara zanenta daban ake yi. Idan hotunan da ke fitowa a daƙiƙa suka gaza 30, motsi yana fara tsinkewa daidai lokacin da ake ɗaga hancin jirgi dab da taɓa ƙasa, saboda haka ya fi kyau a rage ingancin gajimare da inuwa da yawan gine-gine tukuna, a bar ma'aunin kusurwa yadda aka auna shi.