Yanka da Ƙujewa a Gona: Sai da Man Kemis?

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, lauje da adda sun fito. A wannan lokaci ba a rasa wanda ya yanke yatsa wajen yankan shinkafa, ko wanda kara ya ƙuje masa ƙwauri. Tambayar da za mu duba a darasin nan ita ce: in haka ta faru, lalle ne mu sayi man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, irin su man fenisilin da ake sayarwa a kemis?

Amsarmu ita ce, ga ƙaramin rauni mai tsabta ba lalle ba ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wanki. Mu fara wanke hannuwanmu da sabulu. In jini yana zuba, mu danne wurin da ƙyalle mai tsabta har minti 10, ba tare da ɗagawa muna leƙe ba. Sa'an nan mu yi ta kwarara ruwa a kan raunin, mu wanke kewayensa da sabulu, har ƙasa da ƙaiƙayi su fita duka. Ruwan da ya isa a sha ya isa a wanke rauni. Na rafi ko kududdufi kuwa sai an tafasa shi ya huce. Wannan aiki yana da zafi, yara za su yi kuka, amma kada mu gajarta shi. Ƙwayar yashi ɗaya da aka bari a ciki tana iya kawo mugunya ko da an shafe wurin da mai mafi tsada.

To, mene ne amfanin mai? Yawancin amfaninsa maiƙon ne. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a kan fatar aladu, ya ga raunin da aka rufe ya zauna da laima ya fi saurin warkewa bisa wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Basilin fari, wanda ba a sa masa turare ba, yana yin wannan aiki. A 1996 likitoci a wani asibitin soja na Amurka suka ba da labarin gwajin da suka yi da mutum fiye da 900 waɗanda aka yi wa ƙananan ayyuka a fata. An shafa wa waɗansu basilin, waɗansu kuma mai mai maganin basitirasin. Mutum 13 kaɗai rauninsu ya ɓaci, 9 daga masu basilin, 4 daga masu magani, bambancin da likitocin suka ga bai isa a dogara da shi ba. Amma mutum 4 daga masu maganin fatarsu ta ƙi shi, ta yi ƙuraje da ƙaiƙayi. Cikin masu basilin ba ko ɗaya.

Sai dai mu lura, waɗannan raunuka ne na wuƙar likita, ba na fartanya ba. Ga ƙujewa mai datti, man yana iya rage ɓacin rauni kaɗan. Saboda haka in malamin asibiti ya duba ya ce a shafa, sai a shafa kaɗan-kaɗan na 'yan kwanakin da ya faɗa. Abin da mu ke ƙi shi ne a riƙa shafa shi a kan kowane ƙwarzane. Ƙwayoyin cuta su kan saba da maganin da su ke haɗuwa da shi kullum, har ya daina kashe su. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Ranar da gyambo na gaske ya zo, sai a iske maganin ba ya ci.

Akwai wata al'ada da ta bazu a ƙauyukanmu, wato fasa kafso, ja da yalo ko ampikulos, a barbaɗa garin a kan rauni. Mu bar wannan. An yi maganin ne domin a haɗiye, garin kuwa yana toshe rauni ya ɓoye abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Haka kuma man da ake kira mai haɗi uku, wanda mata ke saya domin ƙurajen fuska. Yana ɗauke da wani magani mai danne kumburi, shi kuwa yana jinkirta warkewa. Kananzir, da man birki, da toka, da garin taba, ba su da wuri a kan rauni. Ƙasa da kashin shanu sun fi duka muni, gama a cikinsu ne ƙwayar ciwon sarƙe haƙora ke zaune.

Wannan ciwo, da likitoci ke kira tetanas, shi ne babban abin tsoro ga manomi, ba kuwa man shafawar da ke hana shi. Ƙwayar tana son rami mai zurfi inda iska ba ta shiga, kamar sukar ƙaya, ko ƙusa, ko tsinin kara a tafin ƙafa. Bakin raunin ya kan rufe, mutum ya manta, sai bayan kwana 3 zuwa 21 muƙamuƙi ya ƙage, wuya da baya su sandare. Yana kisa, jinyarsa kuma tana iya cinye amfanin gonar shekara. Allurar rigakafi ce ke tsare mu. Wanda ya sami rauni mai zurfi ko mai datti, in allurarsa ta ƙarshe ta wuce shekara 5, ko bai taɓa yi ba, ya tafi ɗakin magani a ranar. Mata da yawa sun samu wajen awon ciki. Maza ne su ka fi zama babu, su ne kuwa ke riƙe da adda.

Bayan wanki da ɗan basilin, mu rufe da bandeji ko ƙyalle da aka wanke aka shanya a rana, mu sāke kowace rana, ko duk sa'ad da ya jiƙe. Muna sākewa muna dubawa. In ja da kumburi suna ƙaruwa, ko mugunya ta fito, ko kaluluwa ta taso a hammata ko matsematsi, ko zazzaɓi ya zo, maganar mai ta wuce, sai asibiti. Haka nan yankan da ya wage baki, ko ya ƙi tsai da jini. Masu ciwon sukari, da masu sikila, da waɗanda kuturta ta kashe musu ji a ƙafa, kada su jira waɗannan alamu. Cizon kare kuwa a wanke shi da sabulu da ruwa har minti 15, a tafi asibiti nan da nan, ko da haƙori ɗaya ne ya shiga.

A taro mai zuwa, ma'aji ya kawo akwatin taimakon farko na ƙungiya a buɗe shi gaban kowa, a ga ko akwai sabulu, da bandeji, da basilin mai murfi. Magatakarda kuma ya rubuta sunayen waɗanda ba su tuna ranar allurarsu ba, a tambayi malamin asibiti ranar da za su je tare.