Kafin ka ɗauki hoton Gurara

Mai son hoton shimfiɗar ƙasa, ka fara da agogo kafin kyamara. Rana tsaka tana wanke launi, ta bar dutse fari fat kamar an shafa masa toka. Je ka tun hantsi bai yi ba, ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da tsagar dutse.

A magangarar ruwa ta Gurara da ke Jihar Neja, ka sa ISO a 100, ƙofar haske a f/8 ko f/11, don na kusa da na nesa su fito tar. Kada ka matse ta har f/22, hoton laushi yake yi. In kana son ruwan ya zubo kamar auduga, sassauta ƙiftawar kyamara zuwa rabin daƙiƙa. Nan fa hannu ba ya iyawa, komai natsuwarka. Ɗora ta kan mariƙi mai ƙafa uku, ka sa ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka. Haske ya yi yawa? Gilashin ND zai rage shi.

Ni dai damina na fi so, ruwa ya cika, ciyawa ta yi shar. Da hunturu kuwa hazo yana cinye nesa, kuma kada ka kuskura ka sauya gilashin kyamara a fili, ƙura za ta shige ciki.

Ka tafi da ƙyalle mai laushi, feshin ruwa ba ya raga wa gilashi.