Wasiyya Ba Ta Kiran Ajali

A Kano, da an idar da sallar jana'iza, sau da yawa wani daga dangi yakan ɗaga murya: duk mai bin mamaci bashi, ko wanda mamacin ke bi, ya nemi wane. Lauyan da ya daɗe yana shiga kotunan shari'ar Musulunci kan rabon gado ya san abin da ke biyo baya. Masu bin bashi suna zuwa da wuri, waɗanda ake bi kuwa sai ɗai-ɗai, ga shi wanda ya san gaskiyar lissafin an riga an rufe shi.

Shari'a ta tsara komai dalla-dalla. A fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba, wadda kuma ba a yi wa magaji, sannan a raba saura bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Alƙali ba ya shan wuya a nan, littattafan Risala da Mukhtasar suna gabansa. Wuyar tana wajen gano abin da mamacin ya bari: fili a bayan gari da ba a san inda takardarsa take ba, kuɗi a asusun waya da lambar sirrinsa ta tafi da mai ita, jarin da aka haɗa da aboki a Kantin Kwari da baki kawai. Mutane da yawa kuma suna zaton wanda suka rubuta a banki a matsayin makusanci shi zai karɓi kuɗinsu. Banki kuwa takardar kotu yake nema, wadda kan ɗauki watanni, mace na takaba, yara na jiran kuɗin makaranta.

Mace-macen watan Afrilun 2020, lokacin da masu haƙa kabari a Dandolo da sauran maƙabartun birni suka rasa hutu, sun jefa gidaje da dama cikin wannan hali.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalin lauyan shi ne yadda rubuta wasiyya ke sauya mai ita tun yana da ƙafarsa. Wani mai sayar da atamfa ya zo masa kan rigimar hayar shago, da aka gama sai lauyan ya kawo zancen.

"Haba Barista, fatan mutuwa kake yi min?"

"Allah ya ja kwana, Alhaji. Lissafi kawai za mu yi."

Ya ba shi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya ce ya cika shafi uku: abin da yake bi, abin da ake bin sa, da amanar mutane da ke hannunsa. Shafin farko bai ba shi wahala ba, ɗan kasuwa ai ba ya manta wannan. Na ukun ne ya hana shi barci. Gonar mahaifinsu da ba a raba ba tana wurinsa, yana noma har rabon ƙanwarsa, ita kuma ta daina taka gidansa. Ga yaron shagonsa da ya girma a hannunsa, har ya yi aure, ba a sallame shi da jari ba.

Kafin a kira shaidu biyu a sa hannu, Alhajin ya je ƙauye an auna gonar an ba ƙanwar nata. Ya sallami yaron. Rijiyar burtsatsen da ya so a haƙa da sulusinsa bayan ransa, sai ya ga ba dalilin jira, yanzu haka unguwarsu na shan ruwanta. Abin da ya rage a wasiyyar bai cika shafi ɗaya ba.

Malamai sun sha faɗa a wa'azi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa. A kasuwa dai har gobe kunya ke hana mutum ya ce wa aboki a rubuta. Alhajin ya daina jin wannan kunyar. Duk shekara, ranar da ya zauna lissafin zakka, yakan buɗe littafin ya soke abin da ya biya, ya kuma gaya wa uwargida da babban ɗansa inda yake ajiye shi.