Aure da Doka: Tambayoyi a kan Rabuwa, Dukiya da Ciyarwa

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Ubangiji, koyarwar ikkilisiya a kan aure sananniya ce: alkawari ne na rai da rai, kamar yadda muke karantawa a Matiyu sura 19. Wannan darasi ba domin ya buɗe ƙofar rabuwa aka rubuta shi ba. Amma dattawan ikkilisiyoyinmu a Yola da Jimeta sun sha ganin mace an kore ta da 'ya'ya bayan shekaru masu yawa, ba ta san ko wace kotu za ta dosa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da za mu riƙe shi ne: irin auren da aka ɗaura shi ke nuna kotun da za ta saurari maganar, da hakkin da kowa zai samu.

Wane irin aure muka ɗaura?

Dokar Nijeriya ta san aure iri uku: na doka, na al'ada, da na Musulunci. Auren doka shi ne wanda aka bi Dokar Aure ta 1914: a ba magatakardan aure sanarwa, a jira kwana 21, ya ba da takardar izini, sa'an nan a ɗaura a ofishinsa ko a majami'ar da ke da lasisi. Idan an biya sadaki kawai, aka zo fasto ya yi addu'a ba tare da wannan takarda ba, yawanci kotu takan ɗauke shi auren al'ada da aka sa wa albarka. Da yawa ba sa gane haka sai ranar da rigima ta tashi. Wanda kuma ya yi auren doka, ya je ya ƙara mata ta hanyar al'ada alhali auren farko yana nan, ya yi laifin da hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara 5.

Wa ke da ikon raba aure?

Auren doka, Babbar Kotu kaɗai ke raba shi, bisa ga Dokar Shari'un Aure ta 1970. Fasto ba shi da wannan iko, iyaye ba su da shi, mayar da sadaki kuma ba ya kashe shi. Dole mai ƙara ya tabbatar cewa auren ya lalace har ba ya gyaruwa, ta hanyoyin da sashe na 15 ya lissafa. A cikinsu akwai zina wadda ta sa zama ya gagara, mugun hali, ƙauracewa ta shekara 1, zama dabam na shekara 2 idan ɗayan bai ƙi rabuwar ba, ko na shekara 3. A yawancin hali ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu. Sashe na 11 ya ɗora wa alƙali ya duba ko sulhu zai yiwu, hukuncin farko kuma yakan jira wata 3 kafin ya tabbata. Ashe ita ma doka ta bar wa masu sulhu ƙofa. Auren al'ada kuwa kotunan yanki ke sauraronsa bisa ga al'adar mutanen, ana kuma ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Al'ada a Yola.

Ana raba dukiya biyu daidai?

A'a. Wannan zance ne da ake ji game da waɗansu ƙasashe. A nan, sashe na 72 ya ba alƙali iko ya daidaita dukiya yadda ya ga adalci ne. A shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, wata mata ta ce ta taimaka wajen gina gidan da mijinta ya sayar, amma Kotun Ƙoli ta ƙi da'awarta domin ba ta nuna abin da ta zuba ba. Darasin a fili yake. Macen da ta sayar da hatsi a kasuwar Jimeta, ko ta kwashi adashinta aka sayi bulo da kwano, ta adana rasit. Idan an sayi fili tare, a rubuta sunaye biyu a takarda. Wannan ba rashin amincewa ba ne. Kāriya ce ga iyali, har ma a ranar mutuwa.

Wa zai ciyar, wa zai riƙe yara?

Sashe na 70 ya ba kotu iko ta umarci ɗayan ya riƙa ba da kuɗin ciyarwa, tana duban samun kowa, ƙarfinsa na neman abinci, da halinsa. Miji ma yana iya nema. Ciyar da yara kuwa yakan ci gaba har su kai shekara 21. Game da riƙo, sashe na 71 bai ce yara na uba ne ko na uwa ba. Abin da ya fi wa yaron amfani shi ne gaba da kome. A auren al'ada hakkin mace bayan rabuwa yakan yi ƙaranci, amma kotu ba ta bin al'adar da ta saɓa wa adalci. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Kammalawa

Aikin ikkilisiya shi ne ta nemi sulhu da dukan ƙarfinta. Idan ya gagara, kada ta bar marar ƙarfi a titi. Fushi da mata ba ya soke yunwar yaro, mai bi kuma ba ya jiran sammaci kafin ya biya kuɗin makaranta. Bari kowane gida ya ɗauko takardar aurensa a wannan mako ya karanta ta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane irin aure kuka ɗaura, ina kuma takardarsa take?
2. Majami'arku tana da lasisin ɗaura auren doka?
3. Me dattawa za su yi wa ɗan'uwan da ya daina ciyar da 'ya'yansa?